Hukuncin wanke bargo mai najasa a injin wanki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara 3 yana fitsarin kwance, jiya ma ya jiƙa min babban bargo. Na cusa shi a injin wanki da ƙyar, da ya fito kuma na tarar tsakiyarsa a bushe. Shin ya tsarkaka? Zanin gadon da na haɗa su tare fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya raya yaro, Ya ba ki ladan haƙuri.

Ƴar'uwa, wanki da inji ba shi da laifi, don gusar da najasa ba ya buƙatar niyya, balle a ce sai hannun mutum. Lokacin da wani baƙauye ya yi fitsari a masallaci, Annabi (SAW) cewa ya yi a kwara guga guda na ruwa a wurin, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas. Abin nema shi ne ruwa ya kai ga najasar ya rinjaye ta.

To nan ne bargonki ya samu matsala. Injin yana wanki ne ta hanyar ɗaga kaya yana kayar da su cikin ruwa kaɗan. Nauyin da aka rubuta a jikinsa, kilo 7 ko 8, na busassun kaya ne, kuma bargo mai kauri yakan cika cikin injin tun bai kai wannan nauyin ba. Sai ya dunƙule wuri guda yana ta juyi, gefe na shan kumfa, ciki ko laima bai ji ba. Idan fitsarin yana inda ya fito a bushe, ko kuma ba ki san inda yake ba, bargon bai tsarkaka ba. Ƙamshin sabulu ba tsarki ba ne, shanya a rana ma a mazhabar Malikiyya ba ta tsayawa a madadin ruwa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi. Ruwan da sabulu ya canza masa launi da ƙamshi ya daina zama ruwa muɗlaƙi, wato ruwa zalla da ake tsarki da shi. A wurin malamanmu yana kawar da ƙazantar, amma hukuncin najasa yana nan sai an bi da ruwa zalla. Ke nan ɗaurayar da injin yake yi daga baya ita ce mai tsarkakewa, matuƙar ruwan ya ratsa wurin ya fita bai canza da najasar ba. Matsewa ba sharaɗi ba ce, Shehu Khalil, malamin Malikiyya, ya faɗi haka a littafinsa Mukhtasar, ko da yake Hanafawa suna neman wanki da matsa har sau 3 ga najasar da ba a gani.

Shawarata, kada ki jira inji. Da safe, tun wurin yana da danshi kina ganinsa, ki kai shi bakin famfo ki sakar masa ruwa har ya ɓulle ta ɗaya fuskar, zarnin ya tafi. Daga nan ya tsarkaka, kin kuma fita daga saɓanin Shafi'awa, waɗanda suka sharɗanta ruwa kaɗan ya zubo kan najasa, ba najasa ta faɗa cikinsa ba. Sai ki sa shi a inji shi kaɗai, ki ga hannunki na iya shiga samansa a sake. In ya ƙi shiga sai da dannawa, ki wanke shi a baho. Tabon da ya gagara bayan ƙoƙari an yi afuwa a kansa.

Zanin gadon kuwa, tunda siriri ne, in kin ga ya jiƙe sharkaf ya sha ɗauraya, mai tsarki ne, kada ki buɗe wa waswasi ƙofa.

Wallahu a'alam.