Tambaya da Amsa: Wai da gaske ƙashi yana zama dutse?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam. Na je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai na ga ƙwarangwal ɗin wani dodo wai shi Ouranosaurus, aka ce ya yi shekara sama da miliyan 100 a ƙasa. Ni fa ban yarda ba, ƙashin ragon layya ma ai baya daɗewa a bola. Dan Allah ya abin yake?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh gaskiyarka kan ragon layya, amma ka tuna shi a fili aka yar da shi, kare ya ja, rana ta doka, damina ta ƙarasa. Wanda ke tsira shine wanda laka ko yashin kogi ya binne da wuri tun kafin ungulu su iso, naman ya ruɓe ƙashi ya rage, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da ma'adinai ya dinga shiga ƴan kofofin ƙashin yana cike su kaɗan kaɗan har ya zama dutse, siffar dai tana nan amma in ka ɗaga sai ka ji nauyi. Itace ma haka yake yi.

Wancan dodon naka a Gadoufaoua aka tono shi, can hamadar jihar Agadas, wajen da a wancan zamanin koguna ne da ciyayi. A nan aka samo wani dodon kuma, Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, da wani kada Sarcosuchus da tsawonsa ya kai mita 9 koma fi.

Kuma ba ƙashi kaɗai bane. Wani lokacin katantanwa ce zata narke cikin dutse ta bar gurbinta, laka ta cike gurbin ta fito da siffarta sak kamar masa a tanda, irinsu suna nan cikin dutsen siminti na Kalambaina a Sakkwato, don da can teku ne a wurin. Akwai ƙwaron da ya maƙale cikin ƙaron itace ya daskare har gashin ƙafarsa ana gani, akwai giwayen zamanin da masu gashi waɗanda ƙanƙarar Saiberiya a ƙasar Rasha ta adana da fatarsu.

Ni wanda yafi burge ni shine sawun ƙafa, dabba ta taka laka ta wuce abinta, sawun ya bushe ya binne ya zama dutse. Har kashi ma yana yi, eh kashi nace ba ƙashi ba, kuma da shi masana ke gane me dabbar ta ci.