Kan Nok ba a ɗaukarsa da hannu ɗaya

Ka tambaye ni, ɗana: "Malam, kan nan na Nok ai gasasshen yumɓu ne, ya yi shekara wajen dubu biyu a binne bai lalace ba. Me ya sa don a matsar da shi daga tsohon sito zuwa sabon ɗaki sai an tara mutum uku, an cinye rabin yini?"

Da yake binne, ƙasa ce ta tallafe shi ta kowane ɓangare. Yanzu a kan kantar sito yake, nauyinsa duka a kan wuyansa. Leƙa cikinsa ka gani, fanko ne, an gina shi zobe kan zobe kamar yadda ake ginin tukunya, yumɓun cike da tsakuwa, gashin da aka yi masa a wuta kuma bai kai ƙarfin na tangaran ba. Tun 1928 da masu haƙar kuza suka fara tono irinsa kusa da ƙauyen Nok, har kan da aka samu kusa da garin Jama'a, wanda ya zo hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943, yawanci a karye ake samun su, domin kawunan nan daga jikin cikakkun gumaka suka ɓalle. Da yawa an liƙa su da gam tun zamanin da aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952, gam kuwa yana tsufa ya bushe. Ka kama tukkun kitson ko kunnen, sai ka ga shi kaɗai ya rage a hannunka.

Saboda haka aikin ba daga kan yake farawa ba, daga inda za a ajiye shi ne. A share kantar, a shimfiɗa mata farin soso mai tauri, irin wanda ba ya komawa rawaya ya marmashe. Ta yi nesa da ƙasa aƙalla santimita 10 saboda ruwa, kada kuma ta jingina da bangon waje, gumi yake yi da damina. Kaya masu nauyi a kantar ƙasa, ba a sama da kafaɗarka ba. Sannan ka bi hanyar da ƙafa, hannu wofi: auna faɗin ƙofa, duba dokin ƙofa da matakala, kawar da waya da bokiti.

Sai ka dawo ga kan. Haska shi da tocila daga gefe, ba daga gaba ba, a haka tsaga take fitowa. Ɗauki hoto ta fuska huɗu, ka rubuta duk abin da ka gani kafin ka taɓa, don in an ga tsaga gobe a san ba yau ta faru ba. Cire zobe da agogo da katin da ke rataye a wuyanka, fitar da biro daga aljihun gaba, naɗe hannun riga. Safar hannu ta roba wadda ta kama yatsu ake sawa. Ta auduga ba na son ta a nan ko kaɗan: tana santsi, zarenta kuma yana maƙalewa a tsakuwar ya fizgo ɓarɓashi.

Hannu biyu, ɗaya a ƙasa inda nauyin yake, ɗaya yana tallafar ƙeya. Ba a hannu za ka yi tafiyar da shi ba. Ka yi masa gammo da soso ko da takarda mai laushi marar asid, kamar yadda ake girke tulu, ka zaunar da shi cikin akwati ko tire mai baki, ka cusa dunƙulen takarda a gefuna har ya daina motsi. Ban da auduga, ban da jarida, tawadarta tana kama jiki, ban da salatif. Abu ɗaya kowace tafiya. Mutum ukun da kake ƙorafi a kansu ke nan: mai ɗauka, mai buɗe ƙofa yana faɗin "a ba da hanya", da mai rijista.

In wani guntu ya faɗi, kada ka share wurin, kada kuma ka nemo gam na kasuwa, wanda in ya kama ba ya sakin yumɓu sai da ɓarna. Ɗauki hoto, tattara har ɓarɓashin a ambulan, rubuta lambar kayan a jiki, miƙa wa mai gyara.

Wani lokaci za ka ga fari-fari a jikinsa kamar kanwa. Gishirin ƙasa ne da yumɓun ya sha. Laimar damina tana narkar da shi, hunturu ya busar da shi, ya kumbura ya tura fatar yumɓun waje. Kada ka wanke. Abin da ake so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, ba hawa da sauka ba, don in ta wuce 65 fumfuna za ta fara cin kayan fata da tufafin da ke kusa. Inda babu na'urar daidaita laima, akwati mai murfi da ƙwayoyin silika masu tsotse laima a ciki yana rage saurin canjin.

Kafin ka wanke hannu, koma rijista ka sauya wurin ajiya: ɗaki kaza, kanta kaza, hawa na nawa, kwanan wata da sa hannunka. Ka girke kan yadda lambarsa za ta fuskanci waje, mai nema ya karanta ba sai ya juya shi ba.