Tambaya da Amsa: 'Yan Tsaki Masu Gudu da Zakara Mai Faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo 'yan tsaki 12 na gidan gona, yau kwanansu 5. Da na miƙa hannu cikin kwali sai su watse su cure a lungu. Yaya zan yi su saba da ni? Daga wata uwargida a Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hannunki daga sama yake zuwa, shi ne matsalar. A wajen ɗan tsako, duk abin da ya sauko masa daga bisa shirwa ce. Ki durƙusa, ki shimfiɗa hannu a ƙasa ta gefe, da ɗan abincinsu a tafinki, kada ki motsa. Mai ƙarfin hali zai fara tsattsaga, sauran su biyo. Ki yi haka safe da yamma, kuma kafin ki zuba abinci ki riƙa kaɗa shi a kwano. Cikin mako guda ƙarar kwanon kaɗai za ta kawo su. Gara kuwa ta fi komai saurin janyo su.

Wajen ɗauka, ki tallabo ɗan tsakon daga ƙasa, ɗaya hannun ya rufe fukafukai ba tare da matsewa ba. Kaza da motsin ƙirji take numfashi, shi ya sa yaro kan matse ɗan tsako don so, ya buɗe hannu ya tarar ya mutu. Minti 2 ko 3 sun isa. A makon farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, to da hunturu kada ki fito da su tsakar gida. Ki kuma duba: curewar tasu ta yiwu sanyi ne, ba tsoro ba. In an gama a wanke hannu da sabulu.

Tambaya: Zakaran da na sayo a kasuwar Wudil ya kai wata 6, ya fara bin yara yana kai musu sara. Duka zai gyara shi? Daga wani manomi a Gaya.

Amsa: Malam, duka ƙara shi yake yi, haka ma shuri. Zakaran ya balaga ne yana tsaron kajinsa, in ka doke shi ka zama abokin karawarsa. Kafin ya afka yakan nuna alama: ya sauke kai, gashin wuya ya tashi, ya riƙa tahowa a kaikaice. Ka tsaya cak, ka sa faifai ko tsintsiya tsakaninku, ka taka gaba a hankali har ya kauce. Gudu da ihun yara su ke zuga shi.

Kada ka yi tseren kama shi da rana. Jira bayan magariba ya kwanta a akurki. Ka danne fukafukan a jikinsa, ka sa shi a hammata, hannunka a ƙarƙashin ƙirjinsa, ƙafafun a tsakanin yatsunka. Ka zaga gida da shi minti 10, kada ka sauke shi yana fizge-fizge, sai ya natsu. Kullum haka har mako 2. Ɗaukarsa ta ƙafa kai a ƙasa, kamar yadda ake yi a kasuwa, takura masa numfashi take yi.

Ƙahon nan na bayan ƙafarsa, ka goge tsininsa kawai da magagari, domin akwai jini a ciki. Sannan ka ƙirga kajinka: zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10, zakaru in sun yi yawa faɗa ba ya ƙarewa.

In mako 2 sun wuce bai daina ba, sabo da kaza ba ya hana yanka. Tsayin yaro mai rarrafe daidai yake da inda zakara ke kai sara, wato ido. Kuma kada ka bar ƙwan da ya yi wa barbara a ƙyanƙyashe, don faɗa yakan bi jini.