Faiba ko katako? Amsa ga masu neman shiga sana'ar jirgin ruwa a Legas

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonni uku na ware kuma duk na ruwa ne. Na farkon shi ya fi tsaya min a rai, don maganar ta wuce sayayya ta fara taɓa zumunci, shi yasa zan daɗe a kansa.

Wani ƙaninmu daga Ijora ya rubuto: "Malam barka da aiki. Da acaɓa nake yi, tunda gwamnati ta hana mu a 2022 na koma dako a Mile 12, yanzu ni da yayana mun haɗa ɗan abin da muka tara muna so mu sayi jirgi mu riƙa ɗaukar fasinja. Kawunmu Basarke ne daga Yawuri, ya fi shekara talatin yana tuƙi a ruwan Kainji, yace mu sa a sassaƙa mana na katako mu ɗaura masa inji mai doki 40, wai faiba (jirgin da ake ƙerawa da zaren gilas da gam) roba ce kawai. Shi kuma maƙwabcinmu ya yi aiki a babban jirgi har Abidjan da Dakar ya je, yace kawu bai taɓa ganin teku ba, wanda bai ƙetare bakin teku ba ba matuƙi bane, mu sayi faiba da inji mai doki 200. Yanzu ko gaisawa basa yi a masallaci. Wa zamu bi?"

Toh ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da kuka tara, don nasan kuɗin dako gumi ne zalla. Wannan musun da kake gani ba a gidanku aka fara shi ba, duk tashar jirgin da ka zauna daga Liverpool na Apapa har Ebute Ero zaka ji shi, mai kogi yana raina mai teku yace ƙarfe ne yake ɗauke da shi ba iyawarsa ba, mai teku yana raina mai kogi yace a cikin kwano yake yawo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kuma wallahi kowannensu akwai gaskiya a bakinsa, matsalar dai ruwan da zaku saka jirginku ba Kainji bane, ba kuma tsakiyar teku bane, ruwa ne na uku mai halinsa daban.

Fara da kawu. Mutumin da ya shekara talatin a Kainji ya san iska, ya san hadari tun kafin ya haɗo, ya san yadda ake raba kaya a ciki kar jirgi ya karkata, ya san kututturen itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin a 1968, irin wannan sanin ba a sayensa da kuɗi. Amma akwai abubuwa biyu da ruwansu bashi da su. Na ɗaya gishiri. Ruwan lagun ɗin Legas gauraye ne, da damina ya yi sassauci, da rani gishirin ya ƙaru musamman kusa da Apapa da Marina, kuma a ruwan gishiri akwai wata tsutsa mai huda katako ta ciki, daga waje kaga jirgi lafiya lau, ciki kuwa ya zama kamar saƙar zuma, ƙusoshin ƙarfe kuma tsatsa ta cinye su. Na biyu cikowa da janyewa. A nan ruwa yana cika ya janye sau biyu a kwana, wajen kowane awa shida sai ya juya, inda ka wuce lafiya da hantsi ka dawo da la'asar ka tarar farfela tana haƙar laka, don lagun ɗin galibinsa bai fi mita biyu zurfi ba in ka bar hanyar da aka yashe wa manyan jirage. Kawu zai koyi wannan da sauri tunda ɗan ruwa ne, amma sai ya yarda cewa koyo zai yi.

Shi kuma maƙwabcinku, ina girmama tafiyarsa, zaman wata da watanni a teku ba ƙaramin abu bane. Sai dai ka tambaye shi cikin ladabi wane aiki yake yi a jirgin. Babban jirgi mutum ashirin ne ko fiye kowa da ɓangarensa, wani ɗakin inji, wani fenti da ɗaurin igiya, wani kicin, kuma ko kyaftin ɗin kansa in ya iso bakin Legas ba shi kaɗai yake shigo da jirgin ba, sai an turo masa matuƙin tasha ya hau ya nuna hanya. Kaga kenan su kansu mutanen teku sun yarda cewa kowane ruwa da mai shi. Zuwa Dakar baya koya wa mutum yadda zai karkata ƙaramin jirgi mai mutum ashirin ya tari igiyar da jirgin kwantena ya tayar a gaban tashar manyan jirage ta Tin Can, ko yadda zai gane gungumen katako da ke yawo rabinsa a nutse a wajen Ebute Metta. Abin da zaku amfana da shi a wurinsa tsari ne, don mutanen babban jirgi basa wasa da duba inji kafin tashi, da lissafin mai, da kayan ceto, kuma gaskiya nan ne mu 'yan ƙananan jirage muka fi rauni.

Yanzu ga shawarata a fili. In fasinja zaku ɗauka, faiba. Ba don maƙwabci ya ci musu ba. Wanda ya bar mota ya zo tashar Ipakodo ta Ikorodu ya zo ne don ya isa tashar CMS ta tsibirin Legas cikin ƙasa da awa ɗaya maimakon ya kwashe awa biyu ko uku a gosilo, bazai shiga jirgi mai nauyi mai tafiyar hawainiya ba, kuma faiba bata ruɓewa, tsutsa bata cinta, in ta tsage ana liƙewa a yini ɗaya. In kuwa kaya ne, buhunan albasa, itace, kifi, siminti zuwa ƙauyukan bakin ruwa ta hanyar Badagry ko Epe, toh maganar kawu tana nan daram, na katako ya fi ɗauka, ya fi zama a ruwa saboda nauyinsa, inji mai doki 40 ya ishe shi, kuma kafinta zai gyara maka. Je ka Makoko ka gani, ƙabilar Egun har gobe da katako suke rayuwarsu.

Amma doki 200 ɗin nan ku tsaya ku yi lissafi tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 fetur ne yake cinye ribar masu jirgi, babban inji in ka buɗe masa wuta jarka yake sha kamar ruwa, in jirgi bai cika ba sawu biyu a jere ranar aikin banza kuka yi. Kuma kowane jirgin faiba akwai iyakar ƙarfin injin da bayansa zai ɗauka, ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa hancinsa ya ɗaga sama bayan ya nutse, haka ake kifewa a kwana. Girman jirgi da yawan kujeru su zasu faɗa maka girman inji.

Kafin ku biya ko sisi, ɗayanku ya je ya yi yaron jirgi na wata uku a hanyar da kuke son bi, ya karɓi kuɗi, ya ɗaure igiya, ya kwashe ruwa, ya sa ido. Mutanen da suka san hanyar nan su ne Ilaje da Egun da Ijaw da ke binta kullum, kuma in ka zo da ladabi basa rowar sani. A nan zaka ga lokacin kainuwa, wajen ƙarshen damina zuwa ƙarshen shekara, yadda take rufe bakin Ikorodu kore shar har jirgi ya kasa fita, ta naɗe farfela ta toshe hanyar ruwan sanyaya inji, wanda bai sa waɗannan makonnin a lissafinsa ba bashi zai ci. Sannan ku je LASWA, hukumar ruwan jihar da aka kafa a 2008, da NIWA ta tarayya, ku ji takardun rajista da na tuƙi da ake buƙata, ku shiga ƙungiyar tashar, don ba a zuwa da jirgi kawai a ce a bani layi.

Ɗan tsokaci ɗaya don abin yana ci min rai. Wannan gasar ta wa ya fi iyawa ita ke sa matuƙi ya ƙara mutum biyar a kan ƙa'ida ko ya tashi bayan magariba don kar ace ya ji tsoro. A Yulin 2022, daren jajibirin Babbar Sallah, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe ruwa ya ja shi ya shige ƙarƙashin baji, wato faffaɗan jirgin dakon kaya, mutum fiye da goma suka rasu, da yawansu 'yan gida ɗaya. A gida ma kawu ya fi ni sanin abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Patigi a Kwara a Yunin 2023 inda 'yan biki sama da ɗari suka tafi. Iya ruwa fidda kai ne, eh, amma fasinjanka mace mai goyo bata iya ba. Rigar ruwa ɗaya ga kowace kujera, da ƙanana na yara, ku sa kuɗinsu cikin kuɗin jirgi tun farko.

Kawu da maƙwabci kuwa, ranar zuwa duba jirgi ka tafi da su su biyun. Ka ce kawu ya duba jikin jirgi da zamansa a ruwa, maƙwabci ya duba inji da kayan ceto. Kowa ka bashi girmansa a inda ya fi sani, ina kyautata zaton kafin ku dawo zasu gaisa.

Saƙo na biyu gajere ne, daga wani bawan Allah a Agege: "Na samu injin Yamaha Enduro tokumbo (na hannu) da araha, ko in haƙura in tara in sayi sabo?"

Ɗan'uwa, in zaka iya haƙuri sabo ya fi kwanciyar hankali, araha bata ado. In kuma dole tokumbon ne kar ka saya a kan benci, a ɗaura shi a jirgi a shiga ruwa da kaya na rabin awa. Ka taɓa shi kafin a tayar, in da ɗumi an riga an kunna shi kafin ka zo don kar kaga wahalar tashinsa. Ka kalli fitsarin injin, wato siririn ruwan da yake fesowa ta gefe, in babu ƙarfi robar famfo ta mutu ko gishiri ya toshe hanya. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa, in man ya fito fari-fari kamar madara ruwa na shiga. Ka tafi da makanikinka ya auna matsin kowace silinda, kada su yi nisa da juna. Enduro mai shan haɗi ne, fetur da man inji a tanki ɗaya, galibi 50 bisa 1, wato jarka mai lita 25 rabin lita na mai, kuma man injin jirgi ake sawa ba na babur ba. Daɗinsa kayan gyaransa ko'ina akwai su a Legas.

Na uku wani matashi ne daga Idi Araba, yace ya gama sakandare, abokansa masu tuƙa ƙananan jiragen faiba da ake kira banana suna masa dariya wai makaranta bata koyar da ruwa, shi kuma babban jirgi yake so, ga wani ejan yace ya kawo kuɗi zai samo masa gurbi ba tare da takarda ba.

Ƙanena kar ka bashi ko kwabo. Babban jirgi ba a hawansa da baki, doka ce ta duniya mai suna STCW tun 1978 aka kuma sabunta ta a Manila a 2010, mafi ƙaranci sai ka yi horon farko mai kashi huɗu, ceton kai a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da zama lafiya da abokan aiki, sai takardar likita wadda bata wuce shekara biyu, sai littafin ma'aikacin jirgi da NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ke bayarwa wanda a ciki ake buga maka duk kwanakin da ka yi a teku. In hafsa kake son zama akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron a Akwa Ibom, akwai kuma kwalejin kifi da fasahar ruwa ta tarayya a nan Victoria Island. Zan faɗa maka gaskiya, inda yaranmu ke maƙalewa shi ne samun wata goma sha biyun nan na aiki a teku bayan karatu, guraben sun yi kaɗan, don haka kafin ka biya kuɗin kowace makaranta ka tambayi ɗalibanta na baya ina suka yi nasu. Kuma don Allah duk wanda yace maka akwai gajeriyar hanya ta ɓuya a jirgi ka guje shi, mutum ukun da aka gani a Nuwamban 2022 zaune kan sitiyarin ƙarƙashin jirgin mai sun kwana goma sha ɗaya daga Legas zuwa tsibirin Kanari, asibiti aka wuce da su. Abokanka kuwa kar ka yanke su, ranar Asabar ka bi su ka koyi ɗaurin igiya da iyo, zai yi maka amfani ranar gwajin ceton kai, don a cikin ruwa ake yinsa da riga a jikinka.

Mai tambaya kan sayen koma da taru daga Epe, saƙonka ya iso, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.