Tambaya da Amsa: Jan Hatimin Lauya da Takardun Zuwa Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke Istanbul, suka rubuto mini cewa in kawo shaidar digirina da cikakken sakamakona da takardar haihuwa, duk an tantance su da abin da suka kira afostil. Na kai takardun wurin wani lauya a nan Kano, ya buga musu jan hatimi ya sa hannu, na biya shi na fito ina murna. Da na tura musu hoton takardun sai suka ce ba wannan suke nufi ba. Shin lauyan cutata ya yi, ko akwai inda zan je a yi mini afostil ɗin? M. S., Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam M. S. Allah ya sanya albarka a karatun. Idan lauyan nan notari ne na gaskiya, wato lauya mai izinin shaida takardu da hatimi, to bai cuce ka ba, sai dai ya kamata ya gaya maka cewa hatiminsa matakin farko ne kawai na tafiyar.

Bari mu fara da afostil ɗin. Wata takardar shaida ce da ta samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ta ba ƙasashen da suka shiga cikinta damar karɓar takardun juna da tambari ɗaya, ba tare da an bi ta ofishin jakadanci ba. Ƙasashe sama da 120 ne a ciki, har da Turkiyya, kuma Saudiyya ta shiga a 2022, Sin ta biyo baya a 2023. Najeriya kuwa ba ta ciki. Saboda haka babu ofishin da zai ba ka afostil a kan takardar da aka bayar a Najeriya, kuma duk ɗan kamashon da ya ce zai samo maka shi a Abuja, kuɗinka yake so. Jami'ar ta aiko maka da wasiƙar da take aika wa ɗaliban ko'ina ne. Ka rubuta musu cewa ƙasarka ba ta cikin yarjejeniyar, za ka kawo takardun da ofishin jakadancin Turkiyya ya tantance.

Wanda ya yi karatun hadisi zai fahimci tsarin nan da sauri, domin kamar isnadi yake: kowane hannu yana shaidar hannun da ya gabace shi. Jami'in da ke Istanbul bai san sa hannun magatakardar jami'arku ba, abin da ya sani shi ne tambarin ofishin jakadancin ƙasarsa. Shi kuma ofishin jakadancin sa hannun jami'an Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya ya sani, ita kuma ma'aikatar ta dogara ne da hukumar da takardar ta fito daga ƙarƙashinta. Idan aka tsallake mutum ɗaya, silsilar ta yanke.

Shi notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa, kuma sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, don haka ba kowane mai baƙar riga ne ke da wannan hurumi ba. Aikinsa ya shaida cewa kwafin da ke gabansa ya yi daidai da asalin takardar, ko kuma cewa mai sa hannu a gabansa ya sa. Ba ya iya shaida cewa jami'arku ta yaye ka da gaske. Wannan aikin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne, kuma can za ka fara kai shaidar digirin da sakamakon. Daga nan sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Turkiyya a ƙarshe. Duk kuɗin da ka biya ma'aikatun gwamnati, ka riƙe rasiɗin da kyau. Kafin ka hau mota zuwa Abuja, ka tambayi ofishin jakadancin ko asalin takardar suke son a buga wa tambari ko kwafin da notari ya shaida, domin bukatar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Takardar haihuwa ita ma sai ka duba wadda ke hannunka. Katin asibiti ba zai wadatar ba, ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so. Idan ba a yi maka rajista kana ƙarami ba, sai ka yi rantsuwar shekaru a babbar kotu, ka kai wa hukumar ta ba ka takardar shaida.

Inda na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe shi ne wajen suna. Mutum ɗaya ne, amma a sakamakon sakandare Muhammad, a digiri Mohammed, a fasfo kuma an ƙara sunan garinsu a ƙarshe. A gida kowa ya san kai ne, amma jami'in da ke duba takarda a wata ƙasa harafi yake bi. Ka shimfiɗa takardunka a tabarma yau ɗin nan, ka gwama suna da ranar haihuwa da abin da ke fasfo, idan akwai saɓani ka yi takardar rantsuwa a haɗa ta cikin waɗanda za a tantance. Kuma don Allah kada ka kai su a liƙe musu leda, domin a jikin takarda ake buga tambari. Batun fassara zuwa Turkanci kuwa, galibi a can ake yi wurin tafintan da aka rantsar, saboda haka kada ka kashe kuɗi a kanta sai jami'ar ta ce a yi daga nan.

Tambaya: Barista, ina zaune a Jidda, ina so ƙanena ya sayar mini da filina a Zariya. Zan iya rubuta masa takardar wakilci in tura ta WhatsApp? Hajiya R., Jidda.

Amsa: Hajiya, hoton waya ba zai gamsar da mai saye mai hankali ba, balle ofishin filaye. Ki sa lauya ya tsara takardar, a rubuta lambar filin da iyakar abin da kika yarda ƙanen naki ya yi, har da asusun da za a zuba kuɗin. Ki sa hannu a gaban jami'in ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda ya buga tambarinsa, sannan ki aiko da asalin takardar, a biya mata kuɗin hatimi a yi mata rajista a hukumar filaye ta Jihar Kaduna kafin a karɓi ko kwabo daga mai saye.