Amsar Baffa Kan Tsara Wa Gida Shekara

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, na karanta shi a natse. Ka ce kai da mai ɗakinka kuna so ku zauna ku tsara wa gidanku shekara mai zuwa daga farko har ƙarshe, ku rubuta komai a kalanda, sai wani daga cikin yayyenka ya ce maka wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce, wai shisshigi ne mutum ya riƙa raba watannin da bai san zai kai ba. Ka kuma tambaya ko ya dace yaro ya sa ranaku alhali manya na raye. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata, Allah ya yi maka albarka.

Kada ka ga laifin yayan naka, tsoron Allah ne ya sa shi faɗa, kuma yana da madogara. A Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, an hana mutum ya ce lalle gobe zai yi kaza ba tare da ya ce in Allah ya so ba. Sai dai ka duba da kyau. Abin da aka hana shi ne ka yi magana kamar gobe a hannunka take, amma niyya da shiri ba wanda ya hana. Annabi Yusuf, alaihis salam, shirin shekara goma sha huɗu ya shimfiɗa wa mutanen Masar, bakwai na noma da ajiya, bakwai na fari. Ya kuma tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalansa abin da zai ishe su shekara guda. Wa ya kai shi tawakkali? Saboda haka ka rubuta, ka ce in sha Allahu da bakinka da zuciyarka, ranka a kwance.

Maganar cewa manyanmu ba su yi ba, ita ma sai an gyara ta. Gaskiya ne ba su rataye takarda a bango ba, amma shekara a kansu take zaune. Kakarku, Allah ya jiƙanta, ta san watan da aka haifi kowane jika, ta san wanda aka daɗe ba a leƙa ba, ta san wanda hidima ke tafe masa tun kafin shi ya buɗe baki. Abin ya yiwu gare su ne domin suna kusa da juna, magana ɗaya take zagaya kowa kafin rana ta faɗi. Ku yanzu kun warwatsu. Wani sai ya nemi hutu a wurin aiki tun da wata biyu, wani 'ya'yansa na makarantar da zangonta bai zo ɗaya da na naka ba. Abin da kai ɗaya ya riƙe a da, yau sai da alƙalami.

Ka san ma dalilin da ya sa aka kafa ƙidayar Hijira? Masu tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi wata takardar bashi da aka rubuta za a biya a Sha'aban. Sai ya ce, wane Sha'aban, na bara, na bana ko na baɗi? Daga nan ya tara sahabbai aka yi shawara, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, aka tsayar da a riƙa ƙirga shekaru daga ƙaurar Manzon Allah zuwa Madina, wadda ta zo a 622 Miladiyya. Ka ga tun asali don kada haƙƙin wani ya salwanta aka sa wa shekaru lamba. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe in ka ɗauki alƙalami: haƙƙoƙin da ke wuyanka za ka fara rubutawa, abin da ranka ke so ya biyo baya.

To, ga yadda nake ganin za ka bi.

Gidan Musulmi ƙidaya biyu yake tafiya da su, kuma ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana kuwa 365, sai 366 a shekarar da Fabrairu ya kai 29, kamar yadda zai yi a 2028. Tazarar kusan kwana 11 ce, shi ya sa azumi da Sallah suke matsowa gaba kowace shekara. A 2024 an ɗauki azumi wajen 11 ga Maris, a 2025 kuwa wajen 1 ga Maris. Haka zai yi ta ja har a 2030 Ramadan ya shigo sau biyu cikin shekarar Miladiyya ɗaya, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, kamar yadda ya faru a 1997. Cikin shekara 33 yakan zagaya duk yanayin shekara ya dawo inda ya tashi. Wanda ya ɗauko kalandar bara ya kwafe ta, ya ce ai bara hutun yara ya haɗu da Sallah don haka bana ma zai haɗu, ya shirya wa kansa ɓacin rai. Kowace shekara sai ka sake ɗora ƙidaya biyun nan a kan juna ka ga inda suka haɗu da inda suka saɓa. Wata shekarar jarrabawar yara za ta faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan, kuma gara ku san haka tun yanzu, ku san wa zai tashe su karatu da wa zai rage musu aikin gida.

Ka tanadi biro da fensir. Abin da ke bin Miladiyya kuma wani ne ya yanka maka shi, kamar komawa makaranta, ƙarewar haya, ranar da fasfo ko lasin zai mutu, ka rubuta da biro, ba ya motsi. (Fasfo kam ka kula da shi, ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da wanda bai rage masa wata shida ba.) Abin da ke bin ganin wata kuwa da fensir. Wata kwana 29 ne ko 30, ba wanda zai ba ka tabbaci sai an gani. Don haka kada ka zagaye rana ɗaya ka ce nan ce Sallah. Ka ja siririn layi a ƙarƙashin kwana uku a jere, ka rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, idan an ga wata ka goge biyu ka bar ɗaya. Da zarar ƙaramar Sallah ta tabbata, ka ƙirga wata biyu da kwana goma a ƙidayar wata, ka san inda babba za ta faɗo, tunda ɗaya 1 ga Shawwal ce, ɗaya 10 ga Zulhajji.

Akwai abu guda da nake so ka ba shi muhimmanci fiye da yadda tsararrakinka suke ba shi, wato ranar zakka. Idan dukiyarka ta kai nisabi, shekarar da ake jira ta zagayo ta wata ce. Mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suna cewa su kowane Janairu suke fitarwa. Kowace shekara suna jinkirta haƙƙin talaka da kwana 11 ba su sani ba, kuma in aka yi shekara 33 a haka, zakkar shekara guda cur ta bi ruwa. Ka nemi watan Hijira da dukiyarka ta cika nisabi, ka rubuta shi, ka fitar da ɗaya bisa arba'in idan ya zagayo. Haka bashi, wanda ake bin ka da wanda kake bi, ka sa ranarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da ajalinsa ta sauka. Ramuwar azumi ma ta shiga, musamman ta mai ɗakinka, kada a wayi gari Sha'aban ya raba tana ƙirga kwanaki da yatsu hankali a tashe.

Sha'anin lafiya ba sai na ja ba, kun fi mu sani: awon ciki in Allah ya kawo rabo, allurar rigakafin yara a kan lokacinta, ranar da mahaifiyarka za ta koma ganin likita. Ka rubuta har da wanda zai kai ta.

Yanzu sai zumunci, kuma a nan ne zuciyata take. Ɗana, abin da ke da ranar ƙarshe yana tuna wa mutum da kansa. Mai haya zai buga maka waya, makaranta za ta aiko takarda. Amma tsohuwar da ke zaune tana sauraron sallama a ƙofa ba za ta taɓa kiranka ta ce ka yi jinkiri ba. In ka je bayan shekara biyu, murmushi za ta yi, ta ce ai na san aiki ya yi maka yawa, ta kama hannun ɗanka tana juya shi tana cewa haka ya girma ban sani ba. Kai kuma ka tafi kana ganin ba komai. Akwai komai. Irin waɗannan mutane su ne suke faɗuwa daga shekarar mutum ba tare da ya yi niyya ba, saboda ba sa ƙorafi. Ku zauna kai da matarka ku lissafa su da suna, ɓangarenka da ɓangarenta: tsofaffi, marasa lafiya, matar da mijinta ya rasu aka daina zuwa gidanta bayan ta fita takaba, marayun da ke cikin dangi. Ku raba su cikin watanni goma sha biyun nan, kowa ya samu ranarsa. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta ɗauke maka zuwa sai inda nisa ya hana. Kuma ka yi adalci. Idan ka duba takardar ka ga sunayen danginka sun cika ta, nata biyu ne kacal, ka san akwai gyara. Ta yiwu ba ta ce komai ba, amma ta ƙirga.

In za ku sa ranar haɗuwar dangi ta shekara-shekara, kada ku ɗaure ta da lamba. Kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, don haka ranar da ta zo Asabar bana, baɗi Lahadi za ta zo, daga nan ta shiga ranakun aiki mutane su fara ba da uzuri. Ku ce Asabar ta biyu a wata kaza, sai ta zauna daram.

Tambayarka ta biyu, ko yaro zai sa rana manya na raye. Abin da ya shafi cikin gidanka, kai da iyalinka, naku ne, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Amma ka fara da ita, kada ka gama tsarawa ka kawo mata ta sa hannu. Ita ta san abin da kai ba ka gani, ta san watan da hidima ke yi mata yawa, ta san lokacin da take so ta je ta kwana biyu wurin iyayenta ba ta faɗa ba. Yaran ma in sun yi wayo a tambaye su, a bar kowa ya sa abu ɗaya da hannunsa, ko da baƙaƙen sun karkace. Abin da ya shafi dangi gaba ɗaya kuwa, kamar aure ko taro, ba a kai wa babba rana a yanke. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi, ka ce, Baba, ga abin da muke tunani, ga lokuta biyu ko uku da muka ga za su yi sauƙi, wanne kuka gani? Ka bar masa wurin da zai sa baki. Sau da yawa abin da ka so shi zai zaɓa, amma ya zama da yawunsa aka yi. Na ga gidan da aka sa ranar aure ba a tuntuɓi kowa ba, ta faɗo makon da ƙanwar amarya ke jarrabawar fita, yarinyar ta yi ta kuka, uwar ta rasa inda za ta sa kanta, aka yi biki rai ba daɗi. Tambaya ɗaya tun da wuri da ta raba wannan.

Kada kuma ka cika takardar maƙil. Wannan kuskuren masu sabon shiri ne, su ga fili su ce sai an sa wani abu. Haihuwa na zuwa, baƙo na sauka, ciwo ba ya sallama, rasuwa kuwa in ta zo duk abin da ka rubuta sai ya koma gefe, kuma haka ya kamata. Ka bar aƙalla ƙarshen mako ɗaya a kowane wata babu komai a kansa, ka bar wani abu a aljihu da ba a sa masa suna ba. Ranar da abin da ka tsara ya rushe saboda wani ya buƙace ka, kada ka ji haushin mutumin, kada ka nuna masa a fuska cewa ya ɓata maka lissafi. Ka goge, ka matsar, ka ce haka Allah ya so.

Batun waya ko takarda, ku yi amfani da duka biyun. Waya tana tunatarwa, kuma ɗan'uwan da ke nesa zai gani. Amma ina so a samu takarda a bango inda kowa ke wucewa, domin yaro da tsoho da wanda ba ya taɓa waya su ma su san abin da gidan ke ciki. Sai dai ba komai ake ratayewa ba. Bashi, zakka, taimakon da za ka yi wa wani, lissafin watannin ciki, waɗannan su zauna a littafinku ku biyu. Bai kamata baƙo ya shigo ya karanta sirrin wani a bangonka ba. A farkon kowane wata ku ɗan zauna ku duba, ko na minti goma ne, ku ga abin da ya yiwu da wanda aka tsallake, musamman sunayen nan na mutane.

Shi kuma yayan naka, kada ka tsaya musu da shi. Idan kun gama, ka kai masa ya gani, ka nuna masa watan da ka sa za ku zo gidansa da yara, ka tambaye shi ko lokacin ya yi masa. Ka fara zuwa wurin mahaifiyarka kafin kowa, ta gaya maka sunayen da ka manta, domin na tabbata akwai su. In ka zo wurina ka taho da takardar, akwai mutum biyu a ɓangaren mahaifinku da nake so in ga ka sa.

Ka gaishe min da surukata da yaran. Allah ya kai mu, ya sa muna da rabon gani.

Baffanka.