Kawu daban, baffa daban: amsoshin tambayoyinku kan Sallah da dangi

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto: "Allah gafarta Malam, mun tashi a gidan yawa. Duk hutun Sallah 'ya'ya da jikoki mukan taru a gidan kakanmu har tabarmi su yi kaɗan, kuma har gobe ina gode wa Allah da wannan gata. Amma 'ya'yana yanzu kowane namiji ankul ne, kowace mace anti. Yaya zan bambance musu kawu da baffa?"

Malama, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Baffa ɗan'uwan uba ne, kawu ɗan'uwan uwa. Gwaggo 'yar'uwar uba ce, inna kuwa ta ɓangaren uwa. Baffa da kawu da gwaggo duk daga Fulatanci muka aro su, zaman tare da auratayya suka zaunar da su a bakinmu, shi ya sa a yammacin ƙasar Hausa za ki ji tsofaffi na cewa rafani a maimakon kawu. Saboda haka ba aron kalma nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne aron da zai zo ya share abin da ya tarar. "Ankul" ta haɗa mutum biyu da aikinsu bai taɓa zama ɗaya ba. Ranar ɗaurin aure baffa ake nema ya yi walicci, domin shi ne dangin uba. Kawu kuwa gidansa yaro ke gudu in ya yi laifi, shi zai riƙo hannunsa ya maido shi, ya ba uban haƙuri. Yaron da bai san wannan ba, ranar da ya shiga uku ƙofar wa zai buga?

Wadda ta fi ba ni takaici ma ita ce "kozin". Ɗan baffanki ɗan'uwanki ne, wa ko ƙane, ana girmama juna bisa shekaru. Amma 'ya'yan mace da 'ya'yan ɗan'uwanta namiji taubasai ne, abokan wasa. Taubashi zai ce miki mummuna a tsakiyar taro, ya ɗauke naman da ke gabanki, babu mai cewa uffan. Tsakaninsu ne ake karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. Na ga samari biyu sun kusa ba hammata iska a wajen wani biki kan zolayar da kakanninsu za su yi wa dariya, don kawai ba wanda ya taɓa gaya musu taubasai ne.

Kada ki zaunar da yaran ki yi musu darasi. Mu ba a allo muka koya ba, a yawon Sallah muka koya: a shiga wannan gida a ce ku durƙusa, gwaggon babanku ce, a fita a shiga wancan. Ki ɗauke su ki kai su.

Wani daga Maraɗi: "Me ya sa ake cewa goron Sallah alhali kuɗi ake ba yara?"

Domin goro ne asalin kyautar girmamawa, tun zamanin da fatake ke ɗauko shi daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau. Kyautar ta sauya, sunan ya zauna. Haka goron gayyata.

Wani ɗalibi daga Kano: "Shin 'hannu da yawa maganin ƙazamar miya' yabo ne ko zagi?"

Duka biyun, kuma daɗinta ke nan. Wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwa bakwai ba ya buƙatar sharhi: komai lalacewar miya, ba a barin saura. Masu jawabi a taro sun mayar da ita kirarin haɗin kai zalla, suna faɗinta da murya mai nauyi, sun manta akwai tsokana a ciki. Miyar fa ba ta gyaru ba, an dai cinye ta.

Wata uwa daga Katsina: "Danginmu mun buɗe zaure a WhatsApp, kullum muna gaisawa. Surukata ta ce wannan ba zumunci ba ne. Wa ya fi gaskiya?"

Surukarki, 'yata, amma ba duka ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar suke nufi, ba yatsa ba. Wanda ke Makka ko Legas yana da uzuri, waya ta yi masa rana. Wanda yake unguwa ɗaya da gwaggonsa ya tura mata hoton rago da "barka da Sallah", wannan rowar ƙafa ce. Ku riƙe zauren, ku je gaisuwa.

Wani kuma: "'Naka sai naka' ita ce cikakkiyar karin maganar?"

A'a, rabi ce. Cikonta "daɗin zama sai bare". Mutane sukan yanke ta inda ta yi musu daɗi. Duk wanda ya zauna gidan yawa ya san ɗan'uwa ne zai ɓata maka rai kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma shi ne zai kwana da kai a asibiti.

Daga Damagaram: "Ɗan jika fa, me ake ce masa?"

Tattaɓa-kunne.

Ta ƙarshe, daga Kaduna: "Jajibere ko jajibiri?"

Duka ana faɗa, ya danganta da garinku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu kiran ranar Sallar kanta jajibere. Ranar da ke gabaninta ce, ranar kitso da lalle da zaryar gidan tela.